Shekarar da Na Hana a Zana Biri a Bangon Makarantarmu

Ku 'ya'yana, da jikokin da za su karanta wannan a bayanku, akwai maganar da ta daɗe tana yawo a dangi game da yadda aka ɗauke ni daga firamaren da na shugabanta a Kurmin Mashi aka kai ni Rigasa, ana saura 'yan shekaru in yi ritaya. Wasu sun ce kasona na nema a wajen wani kamfani aka hana ni, shi ne na yi fushi na ɓata lamarin. Wasu kuma, har da ke Bilkisu, sun ce taurin kaina ne kawai. Na farkon ƙarya ne, Allah shi ne shaida. Na biyun ba zan yi musu sosai ba. Amma dai ba daga taurin kai abin ya faro ba, daga son sani ne. Kun san tun ina yarinya shi ne ciwona: in ga abu, in kasa zama sai na gano yadda aka yi ya zama haka.

A zangon farko na shekarar, malamar aji biyu ta tafi hutun haihuwa, ba a turo mana wata ba, sai na riƙa shiga ajin da kaina idan an dawo daga tara, wato hutun cin abinci na hantsi. Wata rana na rubuta baƙaƙe a allo na ce su bi ni da ƙarfi. Suna buɗe baki sai na ga abin mamaki. Harsunan yaran shuɗaye ne. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kusan rabin ajin. Wasu kuma jajaye, kamar sun tsotsi lalle. Na ɗauka wata cuta ce ta shigo mana. Na kira wata 'yar ƙarama da ke layin gaba, na ce ta fito da harshenta sosai, na duba, na taɓa goshinta. Lafiyarta ƙalau, sai ma dariya take ƙunshewa.

Na ce, "Ke, me kika ci?"

Ta ce, "Mai Biri ne, Malama."

Na ce, "Wane ne Mai Biri?"

Ajin gaba ɗaya ya fashe da dariya, wai shugabar makaranta ba ta san Mai Biri ba.

Washegari ana kaɗa ƙararrawar tara na rufe ofis na bi yaran zuwa bakin ƙofa. A nan na gane na daɗe ban kalli ƙofar makarantata ba, duk da kullum ta nan nake shiga. Mahaifinku yakan sauke ni da sassafe kafin masu sayarwa su fito, in an tashi kuma hankalina yana kan yara da masu babur. Matan da na sani a wurin shekara da shekaru suna nan: mai awara, mai ɗanwake, mai rogo da ƙuli, da Inna Asabe mai ƙosai da kunu wadda ta riga ni zuwa makarantar. Sai dai kowace tana zaune a ƙarƙashin sabuwar laima, ja da rawaya, iri ɗaya, kuma a jikin kowace laima akwai hoton wani biri mai jar hula yana kashe ido ɗaya. A gabansu ga kuloli masu launin laimar. A ciki akwai lemon leda mai ƙanƙara, shuɗi da ja da kore, sannan ga wani abu mai garas-garas a ƙaramar leda, shi ma da birin a jikinsa. Yaran ba sa ko kiran sunan kamfanin, Mai Biri kawai suke cewa. Kaskon Inna Asabe na gani a jingine da bango, a kife.

Na ja benci na zauna kusa da ita muka gaisa. Na ce, "Inna, yau ina ƙosan?"

Ta ce, "Ai Hajiya ƙosai sai ranar da na ji ƙarfi. Yaran nan ba sa kallonsa. Wannan kuwa mota ke kawo mini shi har nan, sun ba ni laima, sun ba ni kula. Ba tashin asuba, ba kai niƙa, ba hayaƙi. Kin ga idona har ya washe."

Gaskiya ta faɗa, idonta ya washe. Shekaru na san ta da jajayen idanu da tari. Sai na sayi kowane launi guda, da ledar garas-garas ɗin, na koma ofis na rufe ƙofa kamar mai shirin aikata laifi. Na fasa shuɗin na tsotsa. Zaƙinsa ya doki haƙorana har cikin kai. Amma abin mamaki, ina haɗiyewa sai na ji ina son ƙari. Garas-garas ɗin kuma gishiri ne da yaji da wani ɗanɗano da ban san sunansa ba, kana gama ci ƙishirwa ta kama ka, ga lemon kuma a gefe yana jira. Na zauna ina juya ledar a hannuna ina cewa a raina, wanda ya haɗa waɗannan biyun ya yi tunani, ba haka kawai suka haɗu a kula ɗaya ba.

A lokacin Ummi, 'yar Bilkisu, a gidanmu take, tana aji uku a makarantar tawa. Ni nake zuba mata abinci a ɗan kwanonta kowace safiya, wani lokaci dankali da ƙwai, wani lokaci alale. Na sha ganin kwanon ya dawo ba a taɓa shi sosai ba, na riƙa cewa yarinyar ba ta da ci ne kamar uwarta. A ranar na dawo gida da ragowar ledojin, na juye su a ƙaramar tukunya na ɗora a kan risho, don ina so in ga abin da zai rage idan ruwan ya ƙone. Mahaifinku yana zaune a tsakar gida da rediyonsa, ƙamshin ya kai masa, ya leƙo kicin.

Ya ce, "Hajiya, yau kuma miyar shuɗi za mu sha?"

Na ce, "Bincike nake yi, Malam."

Ya ce, "To Allah ya sa ba ni za a gwada wa ba."

Da ruwan ya tsotse, abin da ya rage a gindin tukunyar wani baƙin maɗi ne mai danƙo, ya kama cokali har yana zare. Na kira Ummi na nuna mata, ina zaton za ta ji ƙyama. Sai ta sa yatsa ta lakata ta lasa, ta ce, "Kai, Hajiya, wannan ya fi na leda daɗi." Malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na kama haɓarta na ce ta buɗe baki. Turamenta biyu na ƙasa sun yi baƙin rami. Ta ce sun daɗe suna mata ciwo idan ta sha sanyi, tana ɓoyewa ne don kada a hana ta kuɗin tara. Kafin wata ya ƙare sai da aka cire ɗaya a asibiti, kuma ni na riƙe mata hannu. Ba zan ce Mai Biri kaɗai ya ci haƙoran ba, Ummi ba ta son buroshi, kun sani. Amma daga ranar na daina ganin laimomin nan a matsayin ado.

Na ci gaba da zama a bakin ƙofa lokacin tara, ba don in hana kowa ba, don in gani. Na lura a cikin wasu ledojin akwai ɗan hoton birin da ake mannawa a littafi, wani yana buga ƙwallo, wani yana tuƙa jirgi, kuma ba kowace leda ke da shi ba. Yaro zai sayi ta biyu ba don yana jin yunwa ba, don ta farkon ba ta zo da hoto ba. Na ga yarinyar da ta ba da dafaffen ƙwanta sukutum a kan hoto ɗaya. Na ga kuma yaran da ba a ba su kuɗin tara, suna tsince ledojin da aka yar suna lasa, don su ma harshensu ya yi launi kafin a koma aji. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Ana cikin haka sai wani saurayi ya yi sallama a ofishina, sanye da riga mai hoton birin a ƙirji. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ashe Nura ne, wanda na koyar a aji biyar tun ina ƙaramar malama a Kawo, yaro mai natsuwa da iya zane. Shi ne wakilin kamfanin a duk arewacin gari. Ya ce alheri ya kawo mini. Kamfani zai gina wa makarantar sabon banɗaki na 'yan mata, ya yi mana fentin bangon gaba, ya kafa ƙaramin shago a bakin ƙofa. Abin da suke so kawai shi ne a bar su su zana tallarsu a bangon, ciki da waje. Ya ce ofishin ilimi ba su da matsala idan shugabar makaranta ta sa hannu. Dole in gaya muku halin da banɗakinmu yake ciki a lokacin. Na 'yan matan ya rufta tun damina, mun toshe ƙofarsa da kwanon rufi. Maza suna zagayawa bayan gini. 'Yan mata kuwa sai dai su riƙe har a tashi, manyan cikinsu kuma akwai kwanakin da ba sa zuwa makaranta gaba ɗaya. Na kai kuka ofishin ilimi har na gaji.

Nura ya fito da wayarsa ya nuna mini yadda bangon zai kasance. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma na ga birin a can ƙasa, kusa da tushen bango, saman kuma fili.

Na ce, "Nura, kai da ka iya zane, me ya sa ba ku ɗaga shi sama ba, inda masu mota za su gani?"

Ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Malama, ai ba don masu mota aka yi ba. Daidai idon ɗan aji ɗaya ake auna shi."

Na ce, "Hotunan da ke cikin leda fa, me ya sa ba a sa wa kowace?"

Ya ce, "In an sa wa kowace, ai yaro zai gama tarawa da wuri."

Ban ji haushinsa ba. Na tambaye shi ne ya ba ni amsa tsakani da Allah, kamar yadda yake yi yana ɗalibi. Na riƙe shi har shayinsa ya huce ina ta yi masa tambayoyi: me ya sa ja da rawaya, me ya sa biri ba zaki ba, wa yake zaɓar makarantun. Wasu ya sani, wasu ya ce daga sama ake turo musu. Na tambaye shi ko 'ya'yansa suna sha. Ya ce suna sha mana, har maiɗakinsa tana faɗa da shi kan kwalin da yake kawowa gida. Na ce ya ba ni lokaci.

A gida aka rabu biyu. Bilkisu, kin zo ɗaukar Ummi hutun ƙarshen mako kika tarar ana maganar, kuma na tuna abin da kika ce.

Kika ce, "Mama, ko kin yarda ko ba ki yarda ba, yaran nan za su saya. Laimomin suna nan, talabijin yana nan. Ki karɓi banɗakin kawai, ki bar musu bangon. Bango ne fa."

Na ce, "A jikin bangon nan muka rubuta musu su wanke hannu, su gaida na gaba. Duk abin da yaro ya gani a bangon makaranta ɗauka yake malamai ne suka ce."

Malam bai goyi bayan kowa ba. Ya ce, "Ni dai abin da na sani daga aikin gwamnati, in manya suka ce ba su da matsala, to sun riga sun so ne. Ki san da wannan kafin ki ce a'a."

Na kira taron iyaye. Na zo da tukunyata da maɗin da ya daskare a ciki na zagaya da ita, na ba su labarin haƙorin Ummi da na yaran da ke lasar leda. Wasu mata suka gyaɗa kai, wata ta ce ɗanta ya daina cin tuwo sai an yi masa alkawarin Mai Biri. Amma yawancin mutane banɗakin suke so, kuma ban ga laifinsu ba. Can sai Malam Garba ya miƙe, wani tela mai shago a bakin titi, mutum ne da ba ya yawan magana. 'Yarsa Rabi tana aji shida.

Ya ce, "Hajiya, duk abin da kika faɗa na ji, kuma ban ƙaryata ki ba. Amma 'yata tun da ta fita da safe ba ta shan ruwa, don kada fitsari ya matse ta. Ta dawo gida tana murƙususu. Ke kuma akwai banɗaki a bayan ofishinki, da makulli."

Gaskiya ne, akwai banɗakin malamai, mai ɗaki biyu, makullinsa a aljihun teburina yake kwana. Na ce masa na ji. Sannan na gaya wa taron ba zan sa hannu a kan bangon ba, amma daga gobe banɗakin malamai na 'yan mata ne su ma, har Allah ya kawo nasu. Aka watse ana gunaguni. Da na kira Nura na gaya masa, ya ce, "Malama, na so a ce ta hannuna aka yi miki wani abu." Na ce na sani, Allah ya yi masa albarka.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Ɗaki biyu ba ya isar 'yan matan makaranta guda. Layi ya riƙa kaiwa har ƙofar ofishina, ruwa ba ya isa, wari ya fara shiga ɗakin malamai. Malamai mata biyu suka daina gaishe ni sai da ƙyar, wani malami ya ce an zubar musu da mutunci a gaban ɗalibai. A cikinsu ne, ina zato, maganar kaso ta fito, ko da yake ban taɓa kama kowa ba, ban kuma nema ba. Kamfanin kuwa bai yi rigima da ni ba ko kaɗan. Sun je sun yi magana da mai gidan da ke kallon ƙofarmu a tsallaken titi, suka yi masa fenti kyauta, suka zana birin a bangonsa, ya fi wanda Nura ya nuna mini girma. Duk yaron da ya fito tara shi yake fara gani. Wata safiya na tsaya na daɗe ina kallonsa, har na tsallaka na auna tsayinsa da jikina. Idon birin a ƙuguna ya tsaya. Nura bai yi mini ƙarya ba.

Abu ɗaya ya ɗan yi daɗi. Na roƙi Inna Asabe da mai ɗanwake su shigo cikin makaranta, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da sharaɗin abincin da aka dafa kawai za su sayar a ciki, na kuma jinkirta buɗe ƙofa har sai rabin tara ya wuce. Mai ɗanwake ta yarda nan take. Inna Asabe ta ce ita fa ba za ta koma tashin asuba kullum ba, sai dai ta ba 'yarta kaskon, ita ta zauna da laimarta a waje. Haka aka yi, uwa a waje 'ya a ciki, kowace tana kiran yara. Wasu yaran suka koma cin ƙosai, wasu suka riƙe kuɗinsu suna jiran a buɗe ƙofa. Rabi ta gama aji shida a wurinmu. Malam Garba bai sake yi mini maganar ba, amma da sallah ya aiko wa Ummi da riga.

Ƙarshen shekara takardar canjin wurin aiki ta zo. Ba a rubuta dalili ba. Har yau ban sani ba ko ƙorafin malamai ne, ko wani ne a sama ya ji haushi, ko kuwa lokacina ne kawai ya yi. Na tambaya, kun san ba zan ƙi tambaya ba, aka ce mini ana buƙatar gogaggiya a Rigasa. Wadda ta gaje ni ta sa hannu kafin ta cika zango guda. An zana birin, an kuma gina banɗakin, mai kyau, na je na gani da idona. Ban yi mata kallon mai laifi ba. 'Yan matan sun huta, ni kuma na rasa makarantar da ke kusa da gida, na koma fita tun duku-duku ina shan cunkoson hanya da ciwon gwiwa har na yi ritaya. In kuka ce in auna wanda ya fi wani nauyi, haƙoran yara ko mafitsararsu, ba ni da ma'aunin. Abin da na sani shi ne hannuna bai iya sa hannun ba, kuma ko sisin kowa ban nema ba.

Ranar da zan fara aiki a Rigasa, Malam ya ce shi zai kai ni da tsohuwar motarsa. Muka yi ta kutsawa cikin lunguna muna tambaya, har wani mai shayi ya nuna mana wani fili da azuzuwa a jere, awaki suna kiwo a tsakiya, mutane suna ratsawa da babura. Na ce ina ƙofar shiga? Ya ce ko'ina ƙofa ce. Makarantar ba ta da katanga ko ta taku ɗaya. Malam ya kashe mota, ya kalli filin, ya kalle ni.

Ya ce, "To Hajiya, sun yi miki adalci. Nan dai babu bangon da za ki yi rigima a kansa."

Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wani wuri. A gindin tagar wani aji na hango wata mata da faranti, yara sun yanyame ta tun ba a shiga aji ba, kowa yana fitowa da wani abu kore a tsinke wanda ban taɓa gani ba. Na miƙa wa Malam jakata na ce ya riƙe mini, ina zuwa.

Ya ce, "Ba za ki fara zuwa ofis ki gabatar da kanki ba?"

Na ce, "Ofis ba zai gudu ba. Bari in ga mene ne wancan."